Fulawar da Ta Sha Ruwan Auta

Auta yarinya ce mai surutu kamar aku, amma ciwon maƙogwaro ya hana ta sakat. Wasu tsokoki biyu ne suka kumbura a ciki. Sai aka kai ta asibiti aka yi mata aiki.

Da ta farka, Likita ya zauna a bakin gadonta.

"'Yata, ban cire su duka ba," ya ce. "Na bar wata siririyar tsoka ta rufe wurin, don zafin ya ragu, ki warke da wuri. Saura aikinki. Ki sha ruwa kofi shida yau, gobe ki tafi gida."

Auta ta ƙagu ta koma gida, domin kyanwarta ta haihu kuma ba ta ga 'ya'yan ba. Ta kurɓi ruwan. Wayyo! Haɗiya da zafi.

A bakin taga akwai tukunyar fulawa. Duk lokacin da Mama ta juya baya, sai Auta ta tuttule kofin a ciki.

"Kofi shida cur! Kin yi ƙoƙari," in ji nas.

Da safe leɓen Auta ya bushe, jikinta ya yi zafi. Ga ruwa yana bin bango daga gindin tukunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ya dubi harshenta, ya dubi bangon.

"To, wa zan sallama? Na ga fulawa ce ta bi umarnina."

Mama ta riƙe haɓa. "Auta! Ashe haka kika yi?"

Kunya ta kama Auta, ta fashe da kuka. "Ki yi haƙuri, Mama. Zafi nake ji."

"Ai da kin faɗa, da mun ba ki magani," in ji Likita. "Busasshen maƙogwaro ya fi zafi."

Aka sa mata ƙarin ruwa, ta ƙara kwana. Wannan karon ta sha magani, ta dinga kurɓar ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan. Kafin yamma haɗiya ta yi sauƙi.

Washegari tana gida, 'yan kyanwa huɗu a cinyarta, murna kamar ta tashi sama.

"Mama," ta ce, "da na faɗi gaskiya, da tun jiya ina nan."

"Haka ne, Autata. Mai ɓoye wa likita ciwo, kansa ya cuta."