'Yar Gala-gala a Bakin Tasha

"Na shiga uku... Abba ne!"

Auta ta ƙanƙame mayafinta tana kallon ƙofar zauren da za a nuna bidiyon aikinsu. Ga Abba, ga Umma, ga kuma ɗan Gwaggo a bayansu yana washe baki. Shi ya kwaso su, ba ko tantama. Tun da ta ce masa ita wani take so yake neman hanyar da zai kunyata wanin.

Wanin kuwa yana gefenta yana gyara wayar majigi. Mai Alli, sunan da Abba ya laƙaba masa ke nan don gatse.

"Kwantar da hankalinki, Rabin Raina," ya ce a hankali.

"Ina hankalin yake? Ka manta abin da ya ce? Ba zai ba da 'yarsa ga ƙaton da ke durƙusawa a titi yana zanen wasan yara ba!"

Aikin nasu ke nan fa. Shi ya zana gidajen 'yar gala-gala da alli a bakin tasha, inda jama'a ke tururuwa, suka kafa kyamara a ƙasa-ƙasa. Dokar Auta ɗaya ce: ba a ɗaukar fuska, ƙafafu kawai. Wai a ga ko mutum na nan da yarintarsa idan ya ɗauka ba mai kallonsa.

Aka kashe fitila. Bango ya cika da ƙafafu, masu silifas, masu ƙwaras-ƙwaras, masu sauri. Wasu su taka zanen su wuce, wasu su kauce masa kamar wuta.

"Kawu, ka gani ko?" in ji ɗan Gwaggo da ƙarfi. "Wai wannan shiriritar ce sana'a!"

Abba ya ci gaba da kallon bango. Auta kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Can sai ga wasu takalma ruwan ƙasa sun zo sun tsaya cak. Suka juya dama, suka juya hagu. Sai ƙafa ɗaya ta ɗaga... tsal, tsal, tsal, har gidan ƙarshe, ko layi ba a taka ba! Zauren ya ɗauki tafi. Nan ne wurin da Auta ta fi so a duk aikin, ta kalle shi ya fi a ƙirga.

Umma ta dafe ƙirji.

"La ilaha! Wannan facin na dunduniya ai ni na kai wa mai gyara! Abban yara... kai ne?"

Idanu duk suka sauka ƙasa, ga takalman nan kuwa a ƙafar Abba, da facinsu. Ɗan Gwaggo ya fara laluben ƙofa.

Abba ya yi gyaran murya, ya dubi Mai Alli.

"Kai, zo nan. Wa ke wajen kyamarar ranar?"

"Ni ne, Abba. Auta ba ta zo ba."

"Ka ga fuskata?"

"Na gani."

"Kuma na kore ka daga ƙofar gidana bayan nan, ba ka ce uffan ba?"

Mai Alli ya sunkuyar da kai. "Ko ita ban gaya wa ba, Abba. Dokar aikin ce. Fuskar mutum tasa ce."

Hawaye suka zubo wa Auta. Wallahi ba ta taɓa jin sonsa irin na wannan lokacin ba.

Abba ya kalle shi, sai dariyar da yake dannewa ta ƙwace masa.

"Ja'iri! Gidan ƙarshen nan ka zana shi a karkace, saura kaɗan in faɗi."

"Zan gyara, Abba."

"Ka gyara. Ka kuma ce wa manyanka ina jiransu."

Auta ta ɓoye fuska a kafaɗar Umma tana kuka tana dariya. Abba ya ja kujera ya zauna, ya miƙe ƙafafu.

"To me kuke jira? A mayar mini da wurin nan in sake gani."