Wanda Ya Tafi Bama da Sunan Kakana

Da magariba ina shayar da shanu a tafkin ƙauyenmu, bayan Gagarawa, sai wani ya fito daga ruwan sanye da kakin sojan Turawa. Ko ɗigon ruwa babu a jikinsa.

Ya daka mini tsawa: "Kai ne Haladu, wanda ya ci sunan kakansa?"

Na ce ni ne.

"To, da Bature ya zo ɗibar soja, dagaci ya ɓoye ɗansa, kakanka, a rumbu, ya tura ni, maraya, da sunansa. Da sunan Haladu aka binne ni a ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya! Faɗi sunana na gaskiya in tafi."

Ya matso, lakar ba ta nuna sawunsa ba. Na buɗe baki, amma duk garinmu babu wanda ya riƙe sunan.