Batirin Keken Noah

Mutum uku ne suka ba ni wannan labari. Na ɗauki na Malam Manasseh, mai gyaran rediyo a Lau, domin yana da littafin da yake rubuta kowane aiki da ranarsa. Na ga shafin da idona. Yarinyar da abin ya shafa ta tabbatar da shi, amma ta roƙi kada a ambaci sunanta.

A shekarar 1996, a unguwar Turaki B cikin Jalingo, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da wa mai suna Noah, ɗan aji shida. Shan inna ta kama ƙafafunsa tun yana ƙarami. Da keke mai ƙafa uku yake yawo, yana juya shi da hannu.

Idan ya yi tafiya mai nisa, hannunsa kan yi ta rawa. Sai ya daɗe kafin ya iya riƙe alƙalami. Ga shi jarrabawar shiga sakandare ta matso, kuma a wata makaranta ƙetaren rafi za a yi ta.

Saboda haka mahaifiyarsu, Alisabatu, ta aika wa ƙaninta Manasseh. Ya zo daga Lau ran Talata. Ya ɗaura wa keken wani ƙaramin inji da ya ciro daga tsohuwar mota. Ran Alhamis ya jera batir uku a tsakar gida: na babur, na ƙaramar mota, da na babbar mota.

Yarinyar ta ce, "Kawu, sa babban mana! Yaya Noah ya je har garin Mutum Biyu."

Kawu ya yi dariya. Ya ce, "Ɗaga shi mu gani."

Ta kama, ta yi nishi. Ko motsi bai yi ba.

Ya ce, "To, kin gani. Batir kamar tulu yake. Ƙarami yakan ƙare da wuri, babba kuma nauyinsa ya danne keke. Hanya ce za ta faɗa mana wanda ya dace. Ni baƙo ne a garin nan. Ki bi hanyar mota har ƙofar makarantar, ki ƙirga takunki. Ki duba ko akwai tudu."

Ta fita tana ƙirgawa. Ba ta yi nisa ba ta haɗu da ƙawarta Jemima.

Jemima ta ce, "Wa yake bin titi da ranar nan? Zo mu yanke ta rafi. Mangwaro ya nuna a can."

Yarinyar ta bar titin. Sannan ta bi ta. Suka tsallake rafi a kan duwatsu, suka sha mangwaro, suka ɓullo bayan makaranta. Taku dubu ɗaya da ɗari huɗu ta samu.

Da ta dawo, Kawu ya buɗe littafinsa ya rubuta. Ya ce, "Hanyar mota kika bi?"

Ta ce, "I, Kawu."

"Akwai tudu?"

"Babu."

Ya ninka lissafin sau biyu saboda dawowa. Ya ce, "Ashe kusa ne. Na babur ya isa, ga shi ba nauyi." Ya kai shi caji ran Juma'a.

Ran Asabar, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, Noah ya hau keke. Ƙarfe takwas za a rufe ƙofar jarrabawa. Yarinyar ta raka shi, tana riƙe da fensirinsa. Keken yana tafiya sumul, yara suna binsu da tafi.

Noah ya ce, "Yau ni ne gwamna. Ke kuma 'yar sandata."

Ba ta yi dariya ba. Tana ƙirgawa a zuci. Sun wuce dubu biyu, ba su ko kai gada ba.

Bayan gada akwai tudu. Suna fara hawa, injin ya soma kuka ƙasa-ƙasa. Sai ya yi shiru. Keken ya tsaya.

Noah ya danna maɓalli sau uku. Shiru. Ya kai hannu zai juya keken kamar yadda ya saba.

Ta riƙe hannunsa. Ta ce, "A'a, Yaya. Hannunka na rubutu ne yau. Ni zan tura."

Ta sa kafaɗa ta tura. Inji da batir sun ƙara wa keken nauyi. Takalminta ya tsinke. Keken ya fara komowa baya. Ta fashe da kuka.

Ta ce, "Ni na jawo, Yaya. Ta rafi na bi. Ƙarya na yi wa Kawu."

Noah ya dube ta. Ya ce, "Za mu yi wannan maganar a gida. Yanzu nemi dutse ki tare taya."

Tana cikin neman dutse, wani dattijo mai suna Maishanu ya iso, yana kora tumaki zuwa kasuwa. Ya ce, "Yara, lafiya? Motar taku ta shanye mai ne?"

Noah ya ce, "Baba, jarrabawa gare ni ƙarfe takwas."

Dattijon bai ƙara tambaya ba. Ya miƙa wa yarinyar sandarsa. Ya ce, "Ke, riƙe mini tumaki." Ya naɗe hannun riga, ya tura keken har saman tudu, har ƙofar makaranta. Ita kuma tana biye da tumaki tara, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Malama Patricia, mai kula da ƙofa, ta duba agogonta. Ta ce, "Saura minti huɗu. Shiga maza."

Yarinyar ta durƙusa gaban dattijon. Ta yi masa godiya da Fulatanci, ta ce, "Useko, Baba. Na gode, na gode."

Ya ce, "Tashi, 'yata. Kin iya kiwo ma."

Da rana, a gida, ta faɗi gaskiya gaban kowa. Mama ta ɓata rai ƙwarai. Ta ce, "Saboda mangwaro kika kusa jawo wa ɗan'uwanki asarar shekara guda?"

Kawu ya buɗe littafinsa, ya ja layi a kan lissafin farko. Ya ce, "Batirin bai yi laifi ba. Abin da kika faɗa mini, shi na faɗa masa. Sa takalmi, mu koma."

Suka bi hanyar mota tare. Taku dubu huɗu da ɗari uku ne, da tudu ɗaya. Kawu ya rubuta. Ya ce, "Yanzu wanne za mu sa?"

Ta yi tunani. Ta ce, "Na tsakiya, Kawu. Zai kai shi, ya dawo da shi, kuma ba zai danne keken ba."

Shi aka ɗaura. Ran Litinin Noah ya je makarantar ya dawo, injin bai tsaya ba. Bayan wata uku sakamako ya fito. Ya ci jarrabawa.

Yarinyar ta koyi cewa idan an aike ka auno abu, ka auno shi daidai, ka faɗi gaskiya, domin wani zai dogara da maganarka. Har yau tana gode wa dattijon nan, da wanta da ya yafe mata.

Waɗanda suke wurin ranar da aka ɗaura batiri na biyu su ne: Alisabatu, Manasseh, Noah, Jemima, da Maishanu, wanda aka gayyato ya ci tuwo.