Kwalbar da Tela Ya Ɗauko

Maƙwabciyata ce ta fara ba ni labarin nan, wadda duk layinmu ke kira Gwaggo, har da waɗanda suka girme ta. A gidan ƙaninta abin ya faru, a gaban idonta, saboda haka kada wani ya ce mini ƙarin gishiri ne. Ni ban yi boko mai zurfi ba, sunayen magungunan nan ba za su fito a bakina ba. Abin da na riƙe shi zan faɗa.

Ƙanin nata tela ne. Matarsa kuma malamar jami'a ce, Dakta ake ce mata, amma ba ta allura ba, ta haɗa sinadarai a ɗakin bincike. Mutane sun sha tambaya yaya aka yi ta auri tela. Farar rigar aiki ta kai masa ɗinki, ya yi mata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta dawo faɗa, faɗan bai ƙare ba sai da aka ɗaura aure. Ita tana haɗa ruwa da ruwa, shi yana haɗa yadi da yadi, suka haɗa 'ya guda ɗaya, budurwa mai shirin gama sakandare, wadda uban ke kira Mamana.

Sai Dakta ta kwanta ciwo. Ba ta daɗe ba ta rasu.

Bayan an share makoki, jami'a ta aiko cewa za a ba wani ɗakin nata, a zo a kwashe abin da yake nata na kanta. Tela ya tafi shi kaɗai. Ya tarar an riga an fara aiki: an ware kwalaben da za a raba wa wasu malamai, an wanke tebura, an kuma jera wasu kwalabe a cikin kwali a lungu, an zagaye su da jan tef, ana jiran masu kwashe kayan guba su zo. Mai kula da ɗakin ya miƙa masa jaka, kofin shayinta, silifas ɗinta, sallayarta, da farar rigar nan, sannan aka kira mai kulan waje.

Tela ya tsaya shi kaɗai cikin warin ɗakin, wanda shi ne warin da take shigowa da shi gida kullum. Ya leƙa kwalin. Kowace kwalba da takarda manne a jikinta, kuma rubutun hannunta ne, wannan mai karkata kamar zai faɗi. Bai san me aka rubuta ba. Hannunta kawai ya gani. Ya tsallake jan tef ɗin, ya ɗauki wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, wadda wani abu rawaya ya bushe a wuyanta kamar gishiri, ya naɗe ta cikin rigar, ya fito.

Ba na ce ya kyauta ba. Amma duk wanda bai taɓa shinshinar rigar mamaci ba ya yi mini shiru.

Ya ajiye kwalbar a ɗakin ɗinkinsa, a kan kanta, tsakanin zare da maɓallai. Da yamma ta yi, lokacin da Dakta takan dawo ta jefar da jaka a kujera, gidan ya yi tsit. Yarinyar tana wanke-wanke a bakin famfo. Hasken rana ya ja baya daga tsakar gida a hankali, ya hau bango, ya ɓace. Tela ya zauna, ya ɗauko kwalbar, ya shafa rubutun da babban yatsa. Sai ya ji yana son ya buɗe, ko zai ji warin nan sosai. Ya ɗora yatsu a kan murfin.

Dutse ya faɗo a rufin kwano, daidai kansa.

Ya ajiye kwalbar ya fita da zagi, yana zaton yaran layi ne. Babu kowa, sai wata akuya. Washegari da magariba ya sake taɓa murfin, jifa ya sake, wannan karon kamar an juye kwandon tsakuwa. Aka hau rufin aka duba, ba a ga dutse ko ɗaya ba. Daga nan aka fara jin takun silifas daga ƙofar gida zuwa ɗakin ɗinki, ya tsaya a bakin ƙofar, ba ya shiga. Famfo ya riƙa buɗe kansa. Wata murya, tsohuwa, busasshiya, ta riƙa gunaguni ta cikin bango, ba a gane me take cewa. Tela ya ce beraye ne. Gwaggo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin bera mai silifas ba, ta tattaro kayanta ta dawo gidan da kwana.

Wata magariba yana riƙe da kwalbar, sai ya ji faɗuwar kwanuka. Kafin ya miƙe, ga yarinyar a bakin ƙofa, hannayenta na ɗigar da kumfa, idanunta a buɗe amma ba shi suke kallo ba. Ta karkata kai gefe, yadda uwarta ke yi idan ya ɓata mata rai.

"Telana," ta ce. "Ajiye. A hankali."

Muryar Dakta ce. Gwaggo ta rantse mini har 'yar shaƙewar nan ta ƙarshen magana tana ciki. Tela ya ajiye kwalbar, yarinyar ta zube ƙasa. Da ta farfaɗo ba ta tuna komai, sai ciwon kai da jin sanyi.

To, ga inda abin ya fi ba ni tausayi, ya kuma fi ba ni haushi. Mutumin nan ya gane. Ya gane cewa muddin ya ɗora hannu a kan murfin, muryar za ta zo. Sai ya mai da shi kamar shan shayi. Kullum rana ta faɗi sai ya yi wanka, ya sa riga mai kyau, ya zauna, ya taɓa murfin. Yarinyar ta taso daga duk inda take, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Telana, ajiye."

"Sai kin gaya mini kin yafe mini."

"Ajiye, na ce."

"To, yaya can? Kina jin sanyi?"

Sai ya ja maganar, yana murza murfin kaɗan kamar zai buɗe, muryar tana roƙonsa, shi kuma hawaye na zuba yana murmushi. Yarinyar ta daina cin abinci. Ta daina zuwa makaranta. Da rana sai ta kwanta fuskarta na kallon bango, da yamma ta fara rawar jiki tun kafin a kira salla.

Gwaggo ta tare shi. "Kai, 'yarka kake kashewa."

"Yaya, ba ki ji ta ba? Ita ce."

"Na ji. Ni na yi mata wanka da hannuna, na kuma san inda aka kai ta. Wanda ya tafi can ba ya dawowa hira."

Ya hana a kira kowa. Ta yi kamar ta ji, washegari ta ɗauko wani malami mai ruƙiyya, dattijo siriri mai tabarau, wanda ba ya ɗaga murya. Ya iso dab da magariba. Bai yi wa Tela faɗa ba. Ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Gwaggo ta riƙe yarinyar, ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu.

Aka daɗe. Duhu ya cika kusurwoyin gidan. Ko kaji sun yi shiru. Can sai yarinyar ta sandare, ta ja numfashi mai tsawo, ta buɗe baki.

"Malam, ya isa. Kana ƙona ni, kuma ban zo da sharri ba."

Ba muryar Dakta ba ce. Tsohuwar muryar nan ce ta cikin bango.

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mazauniyar ɗakin binciken matarsa. Ina wurin tun kafin a zuba harsashin ginin. Da aka gina, na koma bayan kabad ɗin ƙarfe."

"Me ya haɗa ki da yarinya?"

"Babu. Da ubanta nake." Kan yarinyar ya juya wajen Tela. "Malamai da yawa sun yi aiki a ɗakin nan. Wasu su tuttula abin da ya rage musu a magudanar ruwa, ya bi ta kanmu, ya cinye mana fata. Ita ba ta taɓa yi ba. Kowane ragowa da kwalbarsa, da sunansa. Kuma kullum ta buɗe ƙofa sai ta yi sallama, alhali ba ta ganin kowa. Ɗalibai suna yi mata dariya. Ni ce nake amsawa."

Gwaggo ta ce ta ji ɗigon hawaye a hannunta, masu sanyi kamar ruwan randa.

"Kwalbar nan matarsa ce ta gano ta a bayan kabad, ta wani ce da ya bar aiki tuntuni. Ta ce abin ciki ya bushe, in ya bushe kuma ya zama wuta mai barci. Murza murfin kawai ya isa ya tashe ta. Ta sa mata sabuwar takarda, ta ware ta don masu kwashewa, sai ciwo ya riga su. Na ga ya naɗe ta a riga, na biyo shi. Na yi jifa, bai ji ba. Na yi magana da muryata, ya ce bera. Sai na ari tata. Tun tana raye ma ita kaɗai yake jin maganarta."

Malam ya dubi Tela ta saman tabarau. Tela ya sunkuyar da kai.

"Niyyarki ta alheri ce," in ji Malam, "amma kin shiga gidan da ba naki ba. Jikin nan amana ne. Ki fita."

"In na fita wa zai hana shi?"

"Za a rufe ɗakin yanzu, mabuɗin a hannun yayarsa. Da safe a kira masu aikin."

"Ba mai ɗaga ta. Ba mai girgiza ta. Ba mai zuba mata ruwa don dabara."

"An yarda."

"Sannan a bar ni in zauna a bakin ƙofar har a tafi da ita. Ba ni da wurin komawa. An fitar da kabad ɗin, ana shafa fenti."

"Bakin ƙofa, ba jikin mutum ba. In an tafi da ita ki bi ta."

"Na ɗauka."

Sai Tela ya rarrafo a kan gwiwa. "Allah gafarta Malam, kafin ta tafi. Sau ɗaya. Ta kira ni sau ɗaya da muryar nan."

"Zan iya," in ji aljanar, a hankali. "Duk maganarta tana wurina. Har waƙar da take yi in tana wanke kwalabe."

Malam bai hana ba, bai kuma yarda ba. Ya ce, "Kowace kalma daga jikin 'yarka ake yanko ta. Kai ne uba. Ka dube ta, sannan ka faɗa."

Gwaggo ta matso da fitila. Tela ya duba. Rigar da ke jikin yarinyar shi ya ɗinka, a awonta, bai bar ko yatsa na sarari ba. Yanzu kafaɗar ta zamo ta sauko dantse, wuyan ya buɗe, ƙasusuwa a waje. Shi da yake gane awon mutum daga nesa, yana gida ɗaya da 'yarsa bai gani ba. Ya kama bakin hannun rigar, ya naɗe abin da ya yi yawa a yatsunsa, yana naɗewa yana naɗewa, yadin bai ƙare ba.

Ya saki yadin. Ya ɗago kai.

"Tafi da muryar," ya ce. "Na gode. Tafi da ita."

Yarinyar ta yi atishawa, ƙafarta ta hagu ta karkaɗa, jikinta ya saki. Aka ji takun silifas ya ratsa tsakar gida, ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki. Can sai ta buɗe ido.

"Baba, yunwa nake ji."

Da muryarta ta faɗa. Tela ya kifa fuska a tabarma yana kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza.

Da safe masu aikin suka zo da kaya masu kauri da garkuwar fuska. Suka fitar da mutanen gida da maƙwabta zuwa bakin titi. Shugabarsu mace ce, ta san Dakta. Tela ya roƙe ta a ɓare masa takardar jikin kwalbar, rubutun kawai. Ta ce, "Baba, ko farce ba za mu sa mata ba. Ka yi haƙuri." Suka fito da kwalbar cikin wani akwati, suna tafiya kamar masu ɗauke da jariri mai barci. Gwaggo ta ce da motar ta ja, ƙurar da ke bakin ƙofar ɗakin ta tashi ta bi bayanta, alhali babu iska.

Tun daga ranar ba a ƙara jifa ba. Da yamma ta yi sai aka ji ƙarar keken ɗinki. Rigunan yarinyar yake ragewa, amma bai yanke yadin ba, ciki ya naɗe shi, ya ce za ta ciko.

Da Gwaggo ta gama ba ni labarin na raka ta ƙofa, na dawo. Washegari da safe na buɗe durowar gefen gado, inda magungunan marigayi mai gidana suke tun rasuwarsa, na hawan jini da na ciwon suga, da alamar da yakan yi wa kowanne da biro. Jikokina kullum a ɗakin suke wasa. Na zuba su a leda na kai wa mai kantin magani, na ce ya san yadda zai yi da su. Ya ce, "Kaka, har da wannan?" Ashe hular mai gidan ta bi su cikin ledar. Na karɓe ta na sa a jaka, na taho gida.