Na-Gane da Lambar Sama

Akwai wata yarinya da 'yan ajinsu ke kira Na-Gane. Kafin malami ya rufe baki, ta ce, "Na gane!"

Ran Litinin malamin lissafi ya shigo da sabon darasi, wai shi kalkulas. Ya ce duk wanda ya ci aikin gida, da shi za a je gidan namun daji ran Alhamis.

Ya rubuta x² a allo, ya ce zai koma 2x.

"Na gane!" in ji Na-Gane. "A sauko da lambar sama, shi ke nan."

"Tsaya, ban gama ba," in ji Malam.

Ina! Tuni ta rufe littafi, tana kallon wasu awaki biyu suna karo ta taga.

Da aka tashi, ƙawayenta huɗu suka ce ta koya musu. Ta jera su a kan benci, ta ɗauki rula tana nunawa.

"Kawunanku ne da nauyi. x³ ya koma 3x. x⁵ ya koma 5x. Sauko da ita kawai, kamar tsinko mangwaro!"

Washegari Malam ya ɗaga littattafai biyar. Duk sifili.

"Wace farfesa ce ta koya muku?"

Yatsu huɗu suka nuna Na-Gane. Aji ya tuntsire da dariya.

"Idan lamba ta sauko," in ji Malam, "sai a rage ɗaya daga ta sama, a bar saura a wurin. x³ ya koma 3x². Wancan x² na farko, ɗaya ce ta saura a sama, ita kuwa ba a rubuta ta."

Ƙawayen suka daina kula ta. Ta koma gida tana kuka, ta faɗa wa Baba, wanda tela ne.

"To, farfesa," in ji Baba, "kin taɓa ganin na auna wuya kawai na yanka riga?"

Da safe ta ba ƙawayenta haƙuri, ta roƙi Malam ya sake gwada su. Ya sake bayani. Sau uku "na gane" ta taso mata, tana haɗiyewa har da tari.

Su biyar suka ci, ran Alhamis suka shiga motar zuwa gidan namun daji.

Tun daga ranar Na-Gane ta koyi sauraron magana har ƙarshe kafin ta ce ta gane.