Baƙin Haƙoran Mitsu

"Buɗe bakinki!"

Mitsu ta buɗe da alfaharinta, don tun kafin jirgin ruwansu ya iso Honolulu, a tsibirin Hawaii, ta zauna ta sake rina haƙoranta, suka yi baƙi wuluk suna sheƙi, yadda ya dace da matar aure a al'adar ƙasarsu Japan.

Baturen likitan da ke duba baƙi ya ja da baya, ya yafito abokin aikinsa. Suka leƙa bakinta tare, suka kwashe da dariya.

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Shekaru ke nan da mijinta Genzo ya taho aikin rake, ya bar ta a ƙauyensu na Oshima. Babanta ya yi faɗa har ya gaji, wai ta kankare rinin nan ta auri wanda ake gani da ido. Ita kuwa duk ranar da aka yi faɗan sai ta ƙara rini. Da shi ta riƙe aurenta, yau ga shi ya zama abin dariya.

"Ayya, ƙanwata..." in ji Oriku, matar da ke musu tafinta, tana murmushi da haƙora fari tas. "Ke ce matar Genzo? Ai kullum a gidan abincina yake ci. Nan fa ba Oshima ba ce. Da wannan bakin kamar gindin tukunya za ki tare shi a gaban mutane?"

"Ya... ya ce ba ya so ne?"

"Namiji sai ya faɗa? Ni dai na san abin da idonsa ya saba gani."

Mitsu ta sulale bayan rumfa, ta ɗebi yashi da ruwa ta hau dirza. Ta dirza har dasashinta ya fashe. Da ta duba ɗan madubinta sai hawaye. Baƙin bai fita ba, farin bai dawo ba, haƙoran sun yi dabbare-dabbare, ga jini.

A haka aka buɗe ƙofa, masu tarya suka shigo.

"Mitsu! Mitsu tawa!"

Shi ne. Ya rame, rana ta ƙone shi, hannunsa na dama yana cikin aljihu. Zuciyarta kamar ta faɗo don murna, amma sai ta rufe baki da hannun rigarta ta rusuna.

"Ya hanya? Teku bai wahalar min da ke ba?"

Ta girgiza kai, hannun rigar na nan a bakinta.

"Su Inna fa, suna lafiya?"

Ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

Fara'arsa ta gushe. Ya dubi tsohuwar rigar jikinsa, ya sunkuyar da kai.

"Na gane," ya ce a hankali. "Ba wannan mijin kika raka bakin ruwa ba. Dama Oriku ta ce da kin gan ni za ki yi da-na-sanin zuwa. Ba zan tilasta miki ba. Jirgin nan komawa zai yi, bari in yi musu magana."

Kuma da gaske ya juya.

"Maigida!" Hannunta ya sauka ba ta sani ba. "Don girman iyayenka kar ka tafi!"

Ya waiwayo, idonsa ya sauka a kan bakinta. Ta ga fuskarsa ta canza.

"Kin daina rini..." in ji shi. "Tun yaushe? Babanki ya shawo kanki ke nan?"

"Yau ne! Yanzun nan na kankare! Dariya suka yi mini, na ji tsoron in kunyata ka..."

"Ki kunyata ni? Ni da na ishi abokan aikina da cika baki, cewa duk Oshima babu macen da rini ya yi wa kyau kamar tawa?"

Kuka ya ƙwace mata. Shi kuwa garin rarrashi ya manta da kansa, ya zaro hannun nan ya share mata jinin leɓe.

Yatsu biyu babu.

Ya ga ta gani. Kunya ta rufe shi, ya yi sauri zai mayar aljihu.

"Injin matse rake ne," ya ce, yana kallon gefe. "Na rasa bakin da zan gaya miki."

Mitsu ta cafke hannun da hannayenta biyu, ta manna a kumatunta.

"Bar shi a waje, mijina. Shi zan riƙe har gida."