Wa Ya Kashe Motar Saje Sila?

Ranar Juma'a da hantsi Saje Sila ya shigo ofishin 'yan sanda na Zuru riƙe da wuyan rigar amininsa Maharazu. Sufeto Japhet yana shan koko a bayan kanta, da ya ɗaga kai ya ga su waye sai ya ajiye kofin.

Duk Zuru babu wanda bai san mutanen nan biyu ba. Saje Sila tsohon soja ne, direban manyan motoci, ya je Laberiya ya dawo da ƙafafunsa da kuma muryar fareti da har yau bai ajiye ba. Maharazu kuwa bakanike ne, Bakabe, garejinsa na bakin hanyar Rikoto. In Kirsimeti ta zo shi ke yanka ragon gidan Saje, don kowa ya samu ya ci.

Abin da ya haɗa su tun farko mota ce, wata tsohuwar a-kori-kura ta Saje. Da fetur take aiki a da, amma Saje ya ce tana haki a hawa, shi kuma ba ya son raggwanci ko a ƙarfe. Maharazu ya cire mata injin, ya dasa mata na gas da ya fi ƙarfinta, ya buɗe famfon mai don ta ƙara kuzari. Ta yi kuzarin kuwa. Aibinta ɗaya, sabon injin ya fi ƙarfin tsohon lagireton, kullum safiya sai an cika shi da ruwa.

Japhet yana son motar nan, ba ya ɓoyewa. Ita ta kawo masa amaryarsa, ita kuma ta kai gawar mahaifinsa ƙauye.

Saje ya ƙame ya ba da rahoto. Jiya motar ta yini a garejin Maharazu ana duba ta, domin gobe Asabar za ta kwashi matan zumunta na cocinsu zuwa taro a Ribah. Yau da safe ya fita ɗauko bencunan da matan za su zauna a kai, yana cikin hawa bayan Rikoto injin ya buga. Da aka buɗe, ko ɗigon ruwa babu a lagireto. Ya ce wannan ba kuskure ba ne, cin amana ne, kuma kotu yake so.

"Baba Saje, allurar zafi ba ta nuna maka komai ba?"

"Ko motsi ba ta yi ba. Ita ma ya lalata ta."

Japhet ya dubi Maharazu ko zai kare kansa. Mutumin da ke iya yini yana gardama a kan ƙusa ɗaya, yau kansa na ƙasa. Dole aka zaunar da shi a bencin bayan kanta. In ba a samu wata magana ba, ranar Litinin sai gaban alƙali, kuma bakaniken da aka kai kotu kan ya kashe motar amininsa, ba mai sake kawo masa ko keke.

Japhet ya hau babur ya nufi inda motar take. Tana nan a gefen hanya, an tokare ƙafafunta da duwatsu, tana warin ƙonannen baƙin mai.

Ya bi tiyo-tiyon ruwan da hannu, babu wanda ya fashe. Lagireton ma ba ya yoyo. Amma ɗan famfon da ke ƙasansa, wanda ake murɗawa a zubar da ruwa, ya yi fes a tsakiyar ƙura da maiƙo. Wani ya buɗe shi da yatsu, ya mayar ya rufe da kyau.

Ya leƙa wajen sitiyari. Agogon zafin irin na dā ne, mai aiki ko ba makulli, kuma da yake injin bai gama hucewa ba, allurar na nan kwance cikin ja. Lafiyarta ƙalau. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne jan fentin da aka shafa a kan gilashin agogon, mai kauri, faɗin babban yatsa. A gefen hagu na motar kuma akwai sabuwar lotsewa da jar ƙasar katanga maƙale a ciki.

Ya biya ta garejin Maharazu, ya zagaya wurin da motar ta tsaya jiya. Ƙasa busasshiya, sai ɗigon baƙin mai.

Da ya dawo ofis ya ja kujera gaban bakaniken.

"Malam Maharazu, kai ka zubar da ruwan?"

"Awo, ni na zubar. Na mance ban zuba wani ba."

"A ina ka zubar?"

"Gareji."

"Daga can nake. Ruwan lagireton nan ja ne saboda tsatsa, ko a ina ya zuba sai ya bar shaida. Ban ga komai ba. Wa ya shafa jan fenti a agogon zafi?"

Maharazu ya dubi farcensa. "Ni ne. Ado ne."

Japhet ya yi dariya duk da ba ya so. A cikin motar da ake rufe ƙofarta da waya, wai ado. Ya tambaye shi ko injin da shi da kansa ya buɗe wa famfon mai zai iya barin gareji ba ruwa, ya ratsa gari, ya kai gida lafiya. Ƙarya a kan inji kuwa ta fi ƙarfin bakin Maharazu.

"Sufeto, ka kai ni kotun," ya ce a hankali. "Wanga shi ya fi sauƙi ga kowa."

Nan Japhet ya tabbata mutumin nan wani yake karewa.

Da la'asar ya isa gidan Saje. Ginshiƙin ƙofar gidan ya ɓantare a gefe ɗaya, daidai tsayin lotsewar motar. Saje na zaune ƙarƙashin mangwaro, tun kafin babur ya tsaya ya kira sunan Japhet, ya ce ya san shi da ƙarar sarƙarsa da ba ya sa wa mai. Matarsa Hannah tana ɓare gyaɗa a tire.

Japhet ya zo ta hagunsa ya rusuna ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a iska. Saje na ta magana yana kallon wajen babur.

"Baban Magdalene, Sufeto na miƙo maka hannu," Hannah ta ce da sauri, kamar wadda ta saba.

Bayan an gaisa Japhet ya tambayi wanda ke cika lagireto da safe. Saje ya ce ai wannan aikin Hannah ne tun ranar da aka sa injin, ba ta taɓa fashi ba, ya fi yarda da ita a kan kowane kurtu da ya taɓa yi masa aiki. Hannah ta ce yau ma ta cika kamar kullum. Idonta na kan gyaɗa.

Lokacin bazara ne, rijiyoyin unguwar sun ja baya. Japhet ɗan garin ne, ya san matan Zuru a irin wannan lokaci, ko ruwan wanke-wanke ba ya zuba a banza, sai a gindin wani abu mai rai. Ya ce bari ya ga gwandar Mama da ake ta ba shi labari. Ya zaga bayan madafa.

Gindin gwandar a jiƙe yake, ƙasar ta yi ja, maiƙo na ƙyalli a kai. An kife wani kwanon wanki a jikin katanga, da zoben tsatsa a cikinsa.

Ya dawo ya zauna a turmi kusa da ita, ya ɗauki gyaɗa ya fara taya ta ɓarewa.

"Mama, Malam Maharazu yana bayan kanta tun safe. Can zai kwana. Litinin kuma kotu."

Hannunta ya tsaya. Ta juya wajen mijinta. "Ka ce min rahoto kawai ka kai."

"Ya amsa laifinsa ko bai amsa ba?" in ji Saje.

"Ya amsa," Japhet ya ce. "Amma ruwan yana gindin gwanda."

Hannah ta ajiye tiren. Ba ta yi kuka ba, sai dai muryarta ta yi ƙasa. Ta ce ita ta murɗa famfon da asuba, ta tara ruwan a kwano, ta kasa zubar da shi a banza. Ta ɗauka in babu ruwa motar ba za ta tashi ba, kamar risho in babu kananzir. So take ta ƙi tashi har Asabar ta wuce. Sai ga shi bugu ɗaya ta tashi. Ta bi ta da gudu har bakin titi tana ɗaga hannu, bai gan ta a madubi ba.

Ta ce tun bara idon Saje ya fara yana. Makon jiya ya daki ƙofar gida ya ce ginshiƙin ne ya karkace. Ta yi masa magana ya ce idon soja ba ya tsufa. Ta je ta faɗa wa Maharazu, shi ne ya shafa fentin nan ko zai taimaka masa ya gane in allura ta kai ja.

"Gobe mata ne cike da bayan mota, Baban Magdalene, wasu da goyo, a hanyar Ribah. Ban so kashe ta ba. Na san yadda kake son ta."

Saje ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. Da ya buɗe baki, muryar faretin babu ita.

"Ban ga allurar ba," ya ce. "Ko fentin ban san da shi ba."

Hannah ta shiga ɗaki ta sake ɗankwali, ta fito ta miƙa wa Japhet hannuwanta biyu. Ya ce ankwarsa ta lalace, wanda ƙarya ce, amma dole ta zo ta faɗi wannan a ofis.

Rana ta kusa faɗuwa suka iso. An fito da Maharazu, yana tsaye gefen kanta kusa da kofur mai aikin yamma. Saje ya shiga ya ƙame, ya miƙa hannu, ya ce ya zalunci amininsa a gaban jama'a, a gaban jama'a kuma yake roƙon gafara. Sai dai kofur ɗin ya fuskanta, ba Maharazu ba. Ofishin da ake dariyar komai, ranar nan ba wanda ya ko murmusa.

Maharazu ya matsa a hankali ya shiga gaban kofur ɗin, ya kama hannun da nasa biyu.

"Wuce nan, Saje. Injin ne ya ƙone, kuma ni na san inda za a samo wani. Gobe in ari mota in kai matan. In taka ta tashi, ni ka tuƙi, kai kana gefena kana ba da oda, tunda dai ba ka iya yin shiru."

Saje ya ce ya janye ƙara. Japhet ya tuna masa cewa har yanzu akwai mai laifi a hannu, ya kuma sa sharaɗi cewa sati mai zuwa sai an je asibitin ido. Saje ya ce ya ji, amma wannan mai laifin ba ya barin ta a hannun 'yan sanda, shi da kansa zai tafi da ita.

Ya laluba ya kama wuyan hannunta da irin riƙon da ya yi wa rigar Maharazu da safe, ya juya ya nufi ƙofa yana taku irin na fareti. Japhet ya raka su da ido. A bakin baranda Hannah ta rage sauri, ta zame hannunta ta riƙe nasa.

"Matakala, Baban Magdalene," ta ce ƙasa-ƙasa. "Sauka a hankali."

Ya sauka, ita a gaba, shi a baya.